Wa'adin kalmar sirri a ma'aikatu: yadda yake aiki da abin da ya sauya

A bankuna, kamfanonin sadarwa, ƙungiyoyin agaji da ma'aikatun gwamnati inda kwamfutoci ke haɗe da juna, ma'aikaci ba ya fara aiki sai ya rubuta sunan asusunsa da kalmar sirri, wadda masu aiki da Faransanci suka fi sani da mot de passe. A wurare da yawa kalmar tana da wa'adi. Idan kwanakin da aka ɗibar mata suka cika, na'ura ba ta buɗewa sai an sa sabuwa.

An shafe shekaru ana kallon wannan a matsayin ginshiƙin tsaro. Sai dai daga 2015 zuwa yau hukumomin tsaron na'urori na Birtaniya, Amurka da Faransa sun janye shawarar ɗaya bayan ɗaya, bayan bincike ya nuna cewa canjin dole yana sa mutane zaɓen kalmomi masu sauƙin canka. Abin da suke nema yanzu shi ne kalma mai tsawo, da wata shaida ta biyu bayan kalmar, da canji nan take duk lokacin da aka ga alamar an sace ta. Duk da haka akwai wuraren da wa'adin yake nan daram, kuma a can yadda ake tunatar da ma'aikata yana iya kare kamfani ko ya buɗe wa ɓarayi ƙofa.

Ƙa'idojin da ke tafiya tare da wa'adi

A kamfanonin da ke amfani da Windows, ana ajiye asusun dukkan ma'aikata a wata babbar kwamfuta mai ɗauke da manhajar Active Directory, wadda Microsoft ya fito da ita tare da Windows 2000. A nan ne jami'in kwamfuta na kamfanin ke saita ƙa'idoji, su kuma shafi kowane asusu. Idan aka kafa tsarin ba a taɓa komai ba, ga abin da yake zuwa da shi:

- Iyakar wa'adi: kwana 42. Ana iya sa daga kwana 1 zuwa 999, sifili kuma yana nufin babu wa'adi.
- Mafi ƙarancin zama: kwana 1. Wanda ya canza kalma yau ba zai sake canzawa ba sai gobe.
- Tarihi: na'ura tana tuna kalmomi 24 na baya, ba ta yarda a maimaita ko ɗaya daga ciki.
- Tsawo: haruffa 7 aƙalla.
- Cakuɗa: dole kalmar ta ƙunshi iri uku daga cikin manyan haruffa, ƙananan haruffa, lambobi da alamomi, kuma kada sunan asusun ya fito a cikinta.

Ƙa'ida ta biyu da ta uku suna tsaron juna. Da babu ta kwana 1, ma'aikaci zai iya canza kalma sau 24 a zama ɗaya ya koma kan tsohuwarsa. Akwai kuma ƙa'idar kulle asusu bayan an yi kuskure sau da yawa a jere, amma ita tana zuwa a kashe, sai kamfani ya kunna ta da kansa.

Lissafi yana nuna nauyin da ke ciki. Wa'adin kwana 42 na nufin canji kusan sau tara a shekara ga mutum ɗaya. Ma'aikata mai mutum 200 za ta ga canji fiye da 1,700 a shekara, wato kusan bakwai a kowace ranar aiki, kuma kowane ɗaya yana iya ƙarewa da mantuwa da kiran jami'in kwamfuta.

Active Directory ba ya rubuta ranar ƙarewar wa'adi a ajiye. Yana rubuta lokacin da aka sa kalmar ne a wani gurbi mai suna pwdLastSet, sannan ya ƙara adadin kwanakin wa'adi a kai. Wannan yana da sakamakon da ya sha ba jami'ai mamaki: idan aka rage wa'adi daga kwana 180 zuwa 90, duk wanda kalmarsa ta wuce kwana 90 wa'adinsa ya ƙare a take. Haka ma idan aka cire alamar da ke cewa kalmar wani asusu ba ta ƙarewa. Shi ya sa ake shigo da irin wannan sauyi sashe bayan sashe, abin da ya yiwu tun Windows Server 2008, lokacin da aka ba da damar ware wa kowane rukunin ma'aikata ƙa'idarsa.

A kwamfutocin Linux bayanan wa'adi suna cikin fayil ɗin /etc/shadow, ana kuma duba su ko sauya su da umarnin chage. Yawancinsu suna zuwa da wa'adin kwana 99999, wanda daidai yake da babu wa'adi, da gargaɗin kwana 7.

Inda al'adar ta samo asali

An fara amfani da kalmar sirri a kwamfuta a farkon shekarun 1960 a cibiyar MIT ta Amurka, a tsarin CTSS da Fernando Corbató ya jagoranta, domin mutane da yawa suna raba na'ura ɗaya. Tun a 1962 wani ɗalibin digiri na uku, Allan Scherr, ya buga jerin kalmomin dukkan masu amfani da na'urar a takarda don ya samu ƙarin lokacin aiki.

Daga baya aka daina ajiye kalmar kanta. Na'ura tana ajiye sawunta ne, wato wani hargitsattsen rubutu da ake fitarwa daga kalmar ta hanyar lissafi, wanda ba a iya juya shi baya. Ɓarawon da ya saci jerin sawu sai ya riƙa gwada kalmomi ɗaya bayan ɗaya har ya dace da wadda sawunta ya yi daidai. A 1979 Robert Morris da Ken Thompson na kamfanin Bell Labs sun gwada kalmomi 3,289 da mutane ke amfani da su, suka tarar kashi 86 cikin 100 masu sauƙin ganowa ne.

Daga nan tunanin wa'adi ya fito. Idan ɓarawo yana buƙatar watanni kafin ya fasa sawu, to a canza kalmar kafin ya gama. Ƙa'idar da ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar a 1985 ta ba da shawarar kada kalma ta wuce shekara ɗaya. Sannu a hankali kamfanoni da masu binciken tsaro suka rage shi zuwa kwana 90, 60, har 30.

Lissafin na wancan zamani ne. Kalma mai ƙananan haruffa takwas tana da yiwuwar haɗi kusan biliyan 209, amma katin hoto na kwamfutar wasanni a yau yana gwada biliyoyi a daƙiƙa ɗaya kan irin sawun da Windows ke ajiyewa. Gajeriyar kalma tana faɗuwa tun kafin a yi maganar wa'adi. Ban da haka, kalmomi da yawa ba fasa su ake yi ba, mai su ne ke miƙa su da hannunsa a shafin bogi, ɓarawon kuma ya shiga a ranar.

Abin da bincike ya gano

Binciken da aka fi ambata shi ne na 2010 da Yinqian Zhang, Fabian Monrose da Michael Reiter suka yi a jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill, inda ake tilasta canji kowane wata uku. Sun samu sawun tsofaffin kalmomi na asusun da aka riga aka rufe, suka yi nazari kan fiye da 7,700 daga ciki. Tambayarsu ita ce: wanda ya san tsohuwar kalmar mutum, zai iya gano sabuwar?

Sun tarar cewa a kashi 17 cikin 100 na asusun ana gano sabuwar kalma cikin gwaji biyar kacal. Idan kuma ɓarawon yana riƙe da sawun a tasa na'urar, kashi 41 cikin 100 suna faɗuwa cikin daƙiƙa uku. Dalilin a fili yake. Mutumin da aka matsa wa ya canza kalma yakan ɗan taɓa tsohuwar ne: ya ƙara lamba ɗaya a ƙarshe, ya mai da ƙaramin harafi babba, ko ya sauya sunan wata. Wanda ya sa Maradi@01 a Janairu, da wuya a rasa Maradi@02 a hannunsa a canji na gaba.

A 2015 Sonia Chiasson da Paul van Oorschot na jami'ar Carleton ta Kanada sun bi batun ta hanyar lissafi, suka nuna cewa ko da mutum ya zaɓi sabuwar kalma da ba ta da alaƙa da tsohuwar, ribar tsaron da wa'adi ke kawowa ƴar kaɗan ce idan aka auna ta da wahalar da yake jawowa.

Wahalar tana fitowa ta wata fuskar. Wanda ya kasa haddace kalma ta tara a shekara yakan rubuta ta a ƴar takarda ya manna a gefen allo ko ƙarƙashin madannai. A watan Afrilun 2015, bayan kutsen da ya katse shirye-shiryen tashar TV5Monde, an yi hira da wani ma'aikacinta a talabijin, sai ga takardu ɗauke da kalmomin sirri na shafukan tashar a manne a bayansa, kowa yana gani.

Matsayin hukumomi

Birtaniya ce ta fara. Hukumar CESG, wadda daga baya ta shiga cikin NCSC, ta ba da shawara a 2015 da 2016 cewa a daina tilasta canji na lokaci-lokaci. A watan Yunin 2017 hukumar NIST ta Amurka ta bi sahu a takardarta mai lamba SP 800-63B: kada a sa wa'adi haka kawai, amma a tilasta canji idan akwai shaidar an sace kalma, kuma a gwada kowace sabuwar kalma da jerin waɗanda aka san sun fallasa. A shekarar ne Bill Burr, tsohon jami'in NIST da ya rubuta shawarar farkon shekarun 2000 kan cakuɗa haruffa da lambobi da alamomi, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta. Bugun 2025 na takardar ya ƙara tsanantawa: ya hana wa'adin kai tsaye, ya kuma nemi haruffa 15 aƙalla idan kalmar ita kaɗai ce makulli.

A watan Mayun 2019 Microsoft ya cire wa'adi daga jerin saitin tsaro da yake ba kamfanoni shawara a kai, inda a da yake cewa kwana 60. Hujjarsa ita ce, kalmar da ba a sace ba babu dalilin canza ta, wadda aka sace kuwa jiran makonni kafin a canza ta ganganci ne.

Ga ƙasashe masu aiki da Faransanci, takardun Faransa ne suka fi yawo a hannun jami'an kwamfuta. A watan Oktoban 2021 hukumar ANSSI ta ba da shawarar kada a sa wa'adi a kan asusun ma'aikaci na yau da kullum muddin kalmarsa tana da ƙarfi, amma a sa wa asusun masu iko da tsarin, tsakanin shekara 1 zuwa 3. Hukumar kare bayanai ta CNIL ta ɗauki wannan matsayi a 2022, ta kuma ba da misalan kalmar da ta isa: haruffa 12 masu haɗe da manya, ƙanana, lambobi da alamomi, ko haruffa 14 ba tare da alamomi ba, ko jimla mai kalmomi bakwai.

Inda wa'adi yake nan

Babban wurin shi ne harkar katin banki. Ƙa'idar PCI DSS, wadda kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard suka shimfiɗa, ta shafi duk mai riƙe da bayanan kati ko a wace ƙasa yake, har da bankunan Nijar da ke ba abokan hulɗarsu irin waɗannan katuna. Bugu na 4.0 da ya fito a watan Maris na 2022 ya ce idan kalmar sirri ita kaɗai ce hanyar shiga, a canza ta aƙalla kowane kwana 90, sai fa idan akwai tsarin da ke auna haɗarin kowane asusu a kowane lokaci. Ya kuma nemi haruffa 12, da hana maimaita kalmomi huɗu na baya, da kulle asusu bayan kuskuren da bai wuce 10 ba, da rufe asusun da ya yi kwana 90 ba a taɓa shi ba.

Reshen kamfani ko ƙungiyar ƙasa da ƙasa kuma yakan bi dokar cibiyarsa, ko da jami'in da ke Yamai yana da wani ra'ayi. Sannan kamfanin da bai kafa shaida ta biyu ba, ba shi kuma da hanyar gane an shiga asusun wani, cire wa'adi kawai ba zai ƙara masa tsaro ba. Hukumomin da suka ce a cire shi sun haɗa shawarar da wasu matakan da za su tsaya a gurbinsa.

A Nijar, doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022 kan kare bayanan mutane, wadda ta maye gurbin ta 2017, ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai nauyin tsare su, hukumar HAPDP ce kuma ke sa ido. Doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 ta tanadi hukunci ga mai kutsawa cikin na'urar da ba a ba shi izini ba.

Matsalar tunatarwa

Windows yana da gargaɗinsa. A zamanin Windows XP yana farawa kwana 14 kafin ƙarshen wa'adi, daga Windows 7 kuma aka mai da shi kwana 5, ya koma ɗan ƙaramin saƙo a kusurwar allo da ke ɓacewa ba da jimawa ba. Kamfani yana iya ƙara kwanakin. Amma gargaɗin yana isa ne ga wanda ya shiga kwamfutar da ke iya magana da babbar na'urar kamfani a lokacin.

Mutane da yawa ba sa cikin wannan rukuni. Akwai wakilin kamfani da ke zagaye tsakanin Tawa da Birnin Ƙonni da kwamfutar hannu, wanda ba ya haɗuwa da cibiya sai ta VPN, wato rufaffiyar hanyar da ke sada ma'aikaci na nesa da ofis ta intanet. Akwai wanda ba ya duba saƙon aiki sai a waya. Akwai wanda ya tafi hutun shekara na wata guda ko aikin hajji, gargaɗin kwana 5 ya zo ya wuce ba ya nan. Kwamfutar hannu tana tuna tsohuwar kalma, tana buɗewa da ita ko da wa'adi ya ƙare, don haka mai ita ba ya sanin komai sai ranar da imel da VPN suka ƙi shi, alhali ta VPN ɗin ne zai canza kalmar.

Active Directory ba ya aika imel da kansa. Jami'an kwamfuta sukan rubuta ƴar manhaja ta PowerShell da ke tashi kowace safiya, ta karanta ranar ƙarewar kowane asusu daga gurbin msDS-UserPasswordExpiryTimeComputed, ta aika saƙo ga waɗanda lokacinsu ya matso. Wasu kamfanoni suna sayen manhajar da ke yin haka. Tsarin da ya fi dacewa shi ne saƙon farko da sauran makonni biyu, sannan a maimaita da sauran kwana 7, 3 da 1. Saƙo kullum yana sa a daina karantawa. Yana da kyau jami'in ya riƙa samun jerin waɗanda wa'adinsu zai faɗa a ƙarshen mako, lokacin sallah ko cikin hutunsu, domin su canza kafin su tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ma'aikaci yana iya duba ranarsa da kansa ta rubuta net user, sai sunan asusunsa, sai /domain a tagar umarni ta Windows.

Bayan canji ma akwai saura. Wayar da ke riƙe da tsohuwar kalma za ta ci gaba da gwada ta a imel ko Wi-Fi na ofis har ta kulle asusun, mai shi yana mamaki. Saboda haka sai a sabunta kalmar a waya nan take. Mai aiki daga nesa kuma ya kulle kwamfutarsa ya sake buɗe ta da sabuwar kalma tun VPN yana haɗe, don na'urar ta riƙe sabuwar.

Lokacin da tunatarwa ta zama tarko

Saƙon da ke cewa wa'adin kalmar sirri ya kusa ƙarewa yana cikin tarkunan da masu damfara suka fi amfani da su. Saƙon yakan zo da tambarin Microsoft ko sunan sashen kwamfuta, ya ce saura awa 24, ya ba da wurin latsawa. Shafin da yake buɗewa yana kama da na kamfani, ya nemi tsohuwar kalma da sabuwa, dukkansu kuma su tafi hannun ɓarawo.

Kamfanin da ke aika tunatarwa mai ɗauke da wurin latsawa yana horar da ma'aikatansa ne su faɗa wannan tarko, domin ya saba musu da latsawa duk bayan ƴan makonni. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Saƙon tunatarwa na gaskiya ya kamata ya kasance haka:

- Babu wurin latsawa, babu fayil a haɗe.
- Ya faɗi sunan ma'aikaci da ainihin ranar da wa'adi zai ƙare.
- Ya bayyana hanyar da aka sani, misali danna Ctrl, Alt da Suppr tare, a zaɓi canza kalmar sirri.
- Ya fito daga adireshi ɗaya kullum, da siffa ɗaya, wadda aka nuna wa ma'aikaci tun ranar da ya kama aiki.
- Ya tuna cewa sashen kwamfuta ba ya tambayar kalmar kowa, ko ta waya, ko ta imel, ko ta WhatsApp.

Ɗaya ƙofar ita ce jami'in da ke sake sa kalma ga wanda ya manta. Idan kira ya yi masa yawa, yakan rage bincike, mai damfara kuma ya kira da sunan darakta yana gaggawa. A watan Satumban 2023 an yi wa kamfanin otal-otal na MGM Resorts da ke Amurka kutse, rahotanni suka ce ya fara ne da kiran waya zuwa sashen taimakon ma'aikata, kamfanin kuma ya ƙiyasta asararsa da kusan dala miliyan 100. Maganin shi ne jami'in ya kashe wayar ya kira mutumin ta lambar da ke cikin rajistar ma'aikata, ya ba shi kalmar wucin gadi, ya kuma sa alamar da ke tilasta canza ta a shiga ta farko.

Asusun da ake mantawa da su

Yayin da ake matsa wa sakatare da akanta, asusun da suka fi haɗari sukan zauna shekaru da kalma ɗaya. Na farko su ne asusun da manhajoji ke amfani da su, kamar na biyan albashi, na adana kwafin bayanai ko na injin buga takardu. Ana cire musu wa'adi don kada aiki ya tsaya da tsakar dare, sai a manta da su. Tun Windows Server 2012 akwai nau'in asusu mai suna gMSA, wanda na'ura ke ƙirƙira masa doguwar kalma ta kuma canza ta da kanta kowane kwana 30 ba tare da wani ya san ta ba.

Na biyu shi ne asusun mai iko da ke cikin kowace kwamfuta, wanda a ofisoshi da yawa kalma ɗaya ce ke buɗe shi a dukkan na'urori. Manhajar LAPS ta Microsoft, wadda ta fito a 2015 ta kuma shiga cikin Windows kansa a 2023, tana ba kowace na'ura kalmarta daban tana juya ta. A irin waɗannan wurare canji akai-akai yana da amfani, domin na'ura ce ke yi, ba ƙwaƙwalwar mutum ba.

Na uku su ne asusun waɗanda suka bar aiki ko suka gama kwangila. A ƙarshen watan Afrilun 2021 masu kutse sun shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani asusun VPN da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, wanda kalmar sirri kaɗai ke tsaronsa. Bututun ya tsaya na kwanaki, gidajen mai a kudu maso gabashin ƙasar suka bushe, kamfanin ya biya kuɗin fansa kusan dala miliyan 4 da dubu 400. Rufe asusu ranar da mutum ya ajiye aiki ya rataya ne kan sashen kula da ma'aikata ya sanar da sashen kwamfuta a ranar.

Abin da ke tsayawa a gurbin wa'adi

Canji ya zama dole, ba tare da jiran kalanda ba, idan ma'aikaci ya rubuta kalmarsa a shafin da yake shakka, idan an samu muguwar manhaja a kwamfutarsa, idan waya ko kwamfuta ta ɓata, idan an ga shiga daga wata ƙasa ko a lokacin da ba a saba ba, idan wanda ya san kalmar asusun haɗaka ya bar aiki, ko idan kalmar ta fito a jerin waɗanda aka sace. Irin wannan jeri yana da girma. Satar da aka yi wa RockYou a 2009 ta fallasa kalmomi miliyan 32, wadda ta fi yawa a ciki ita ce 123456. Shafin Have I Been Pwned da Troy Hunt ya buɗe a 2013 yana tara irin waɗannan bayanai, kuma kamfanoni suna iya gwada sababbin kalmomi da jerinsa.

Kowane kamfani yana buƙatar nasa jerin haramtattun kalmomi: sunan kamfanin, sunayen garuruwa, watanni, shekaru, da azerty, wanda shi ne jerin haruffan farko a madannan Faransanci da ake amfani da su a ofisoshin Nijar.

Jimla mai kalmomi da yawa marasa alaƙa da juna ta fi gajeriyar kalma mai alamomi ƙarfi, ta kuma fi sauƙin haddacewa. Ana iya haɗa ta da Hausa ko Zabarmanci, amma ban da sanannen karin magana ko baitin waƙa da kowa ya sani. Gara kuma a kauce wa haruffa irin su ƙ, ɗ, ɓ da é, domin ba kowace waya ko madannai ke fitar da su ba. Kalmar aiki ta tsaya a wurin aiki, kada ta zama ita ce ta Facebook.

Shaida ta biyu ita ce mataki mafi tasiri, domin kalmar da aka sace ba ta isa ita kaɗai. Lambar da ake aikowa ta SMS tana buƙatar rezo, ana kuma iya sace ta ta hanyar karɓe layin mutum. Manhajar waya mai fitar da lamba shida kowane daƙiƙa 30 tana aiki ko babu rezo, abin da ya dace da rassan da ke nesa da manyan birane. Sama da ita akwai ƴan makullan tsaro na USB, da tsarin shiga da yatsa ko fuska ba tare da kalma ba, wanda Apple, Google da Microsoft suka sanar a watan Mayun 2022 cewa za su tallafa masa tare.

Kamfanin da ke son sauyawa yakan bi wannan jeri: ya fara rufe matattun asusu, ya kafa shaida ta biyu a kan imel, VPN da asusun masu iko, ya ƙara tsawon kalma tare da jerin haramtattu, ya sa kowa ya yi canji ɗaya zuwa sabuwar ƙa'ida, sannan ya tsawaita wa'adin zuwa shekara ko ya cire shi a inda doka ta yarda. A sashen da ƙa'idar kati ko umarnin cibiya ya riƙe kwana 90, abin da ya rage a hannun jami'in kwamfuta shi ne tunatarwa a kan lokaci, da saƙon da ma'aikaci zai iya bambanta shi da na ɓarawo.